Tsutsar masara ce ta koya mini Jawanci

Ni mutumin ƙasar Lere ne a jihar Kaduna, kusa da Saminaka, inda in aka ce noma to masara ake nufi. Mahaifina manomi ne, haka ma kakana. Ni ne aka tura boko, na yi digiri a fannin aikin gona, na dawo na kama aikin malamin gona a karkararmu. Ina kan wannan aikin ne a 2016 aka fara ba da labarin ɓullar wata baƙuwar tsutsa mai cin masara a Najeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take. Kafin a ankara ta game Afirka. Wanda ya yi noma a shekarun nan ba sai an kwatanta masa ita ba: takan shige can cikin zuciyar shuka ta laɓe, ta bar ganye huji-huji, ka yi feshi yau, jibi ka tarar da ita tana nan daram.

A 2017 Allah ya nufe ni da samun tallafin karatu irin wanda gwamnatin Indonesiya ke bai wa ɗaliban ƙasashe masu tasowa, aka tura ni birnin Malang da ke lardin Jawa ta Gabas domin digiri na biyu. Abin da na sani game da ƙasar a lokacin bai wuce biyu ba: ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, kuma daga can Indomie ta samo asali. Mahaifiyata da ta taɓa sauke farali ta ƙara mini na uku. Ta ce mutanen can ba su da hayaniya, ko a wajen jifa ba sa ture kowa, magana ma a hankali suke yin ta. Ashe Hajiya ba ta haɗu da mutanen Surabaya ba.

Shekarar farko ta koyon harshe ce. Abin da ake koya mana shi ne harshen ƙasa, Bahasa Indonesiya, wanda matasan ƙasar suka yi rantsuwar riƙewa a matsayin harshen haɗin kai tun 1928, kafin samun 'yancin kai a 1945. Harshe ne mai sauƙin shiga, ba ruwansa da namiji ko mace, aikatau ba ya sauya siffa don jiya ko gobe. In kana so ka ce abu ya kai matuƙa, sai ka sa sangat a gabansa ko sekali a bayansa. Sangat panas, da zafi ƙwarai. Enak sekali, da daɗi sosai. Cikin 'yan watanni na iya cefane, na iya shiga motar haya, na iya gaida limamin unguwa. Amma da zarar na koma gidan da nake haya sai kunnena ya toshe, don ba da wannan harshen ake rayuwa a tsakar gida ba. Da Jawanci ake yi.

Jawawa su ne kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen Indonesiya, masu magana da harshensu kuma sun haura miliyan 60. Abin da ya fi ba baƙo wahala a harshen shi ne matakansa na girmamawa. Akwai ngoko, maganar da ake yi da aboki da ƙane da ɗa. Akwai krama, wadda ake yi da babba da baƙo. Ba 'yar kwaskwarima ce tsakaninsu ba, kalmomin ne ma daban: ci a ngoko mangan ne, a krama nedha, in kuwa babban mutum ne ke cin abincin sai a ce dhahar. Karin harshen da ake ɗauka a matsayin daidaitacce shi ne na Solo da Yogyakarta a tsakiyar tsibirin Jawa, garuruwan da ke da fadar sarakuna. Mu kuwa muna gabas, a yankin da ake kira Arekan, saboda yaro ko saurayi a bakinsu arek ne. Surabaya da Sidoarjo da Mojokerto da Gresik da Malang duk suna ciki. Mutanen Solo na ganin maganar wannan yanki ta cika kaushi. Su kuma 'yan gabas ko a jikinsu, alfahari ma suke da cewa ba sa ɓoye-ɓoye, kuma za su tuna maka cewa arek-arek Suroboyo, wato samarin Surabaya, ne suka tari sojojin Ingila a ranar 10 ga Nuwamban 1945, ranar da ƙasar ke tunawa da ita duk shekara da sunan ranar jarumai.

Mai gidan hayarmu wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu, tana zaune da tsohuwar mahaifiyarta da jikoki biyu, ɗalibai kuma muna ɗakunan baya. Bu muke ce mata, tsohuwar kuma Mbah. Da farko Mas take kirana, wato yaya, sunan da ake kiran kowane saurayi da shi don mutunci, kuma Bahasa take yi da ni a tsanake, kalma bayan kalma. Ta kyautata mini iyakar kyautatawa, amma irin ta baƙo.

Malang gari ne na kan tudu, duwatsu sun kewaye shi. A watannin Yuli da Agusta, tsakiyar raninsu, akan yi wani sanyin dare da asuba da suke kira bediding, wanda ya tuna mini da Jos. A aji an koya mana dingin, a gida kuma na tsinci cewa sanyi da Jawanci adhem ne. Wata asuba muna alwala a famfon tsakar gida, yaron ɗakin da ke kusa da nawa, ɗan Sidoarjo, ya tsoma hannu a ruwa ya yi tsalle ya ce, "Uadhem, rek!" Ya ja farkon kalmar, muryarsa ta hau sama sannan ta sauko. Na duba ƙaramin ƙamus ɗina ban ga uadhem ba. Da na tambaye shi sai ya yi dariya ya ce ba zan taɓa ganinta a ƙamus ba, adhem ɗin ce dai, sanyin ne ya yi yawa.

Daga nan na kasa kunne, sai na ga abin yana ko'ina. A wannan karin harshe, in ana so a ƙarfafa sifa, ba lallai a ƙara wata kalma ba. Cikin kalmar ake shiga. Sai a cusa wasalin u a gaɓar farko, bayan baƙin farko in akwai shi, in kuwa da wasali kalmar ta fara sai a ɗora shi a gaba. Panas, zafi, ta koma puanas. Gedhe, babba, ta koma guedhe. Cilik, ƙarami, cuilik. Larang, tsada, luarang. Pedhes, yaji, puedhes. Adoh, nisa, uadoh. Enak, daɗi, uenak. Akeh, yawa, uakeh. In wasalin farko dama u ne, kamar a murah, araha, sai a ja shi kawai, muuurah. Kuma ba a faɗinsu da kwantacciyar murya. Gwargwadon yadda aka ja gaɓar aka ɗaga murya, gwargwadon girman abin a zuciyar mai magana. Ko a saƙon waya haka suke yi, sai ka ga an rubuta uenaaak, kana ƙirga haruffa kana gane yadda abincin ya yi masa daɗi. Ranar da na fara zuwa Surabaya, tafiyar kusan kilomita 90 zuwa bakin teku, na sauka daga jirgin ƙasa da tsakar rana, kalmar puanas ta zauna mini a kai ba tare da an fassara ta ba.

Akwai wani abokin karatunmu ɗan wajen Solo, mai sanyin magana, wanda ya nuna mini cewa su ma suna da tasu dabarar, sai dai a ƙarshen kalma suke yin ta. Maimakon su cusa u a farko, sai su ɗaga wasalin gaɓar ƙarshe ya koma i ko u. Abang, ja, ta zama abing. Gedhe ta zama gedhi. Larang, laring. Angel, wuya, angil. Ijo, kore, iju. Adoh, aduh. Shi a ganinsa tasu ta fi ladabi, ta 'yan gabas ihu ce. Ɗan Sidoarjo ya ce masa ai mai jin zafi ba ya jira sai ƙarshen kalma. Na sha jin kuma an haɗa biyun a kalma ɗaya, a ce guedhi, an taɓa kai an taɓa wutsiya.

Ba a nan abin ya tsaya ba, don bayan an lanƙwasa kalmar ana iya ɗora mata wasu a baya. Banget ita ce gama-gari a duk ƙasar Jawa, a krama kuma sanget. Tenan na nufin da gaske, uenak tenan. Wadda ta fi kama bakin 'yan gabas ita ce pol, daga vol ta Turawan Holan da suka mulki ƙasar, ma'ana cike. Uenak pol, daɗin ya kai bango, ba sauran wuri. Nemen kuwa nauyi gare ta, an fi jin ta a kan abin da ya tsananta, ciwo ko ɓarna ko rashin kunyar yaro. Sannan akwai ta mamaki, a sa cek a gaba a liƙa e a baya: cek larange, kai wannan tsada! Samarin Surabaya suna da wata kalmar ashar da suke rufe zance da ita don ƙara masa armashi, har ta zame musu kamar gaisuwa tsakanin abokai. Na ji ta har na gaji, ba zan rubuta ta ba.

Tafiya daga wani yanki zuwa wani ta isa ta canja maka ma'ana. Pisan a bakin mutumin Malang ko Surabaya tana nufin "shi ma", aku pisan, ni ma. A Banyumas, can yamma kusa da ƙasar ƙabilar Sunda, ita ce "ƙwarai". Seru a harshen ƙasa abu ne mai kayatarwa, wasan ƙwallo ko hira. A wajen Gresik sai ka ji an ce apik seru, mai kyau matuƙa. Kasuwa kuma ta koya mini bambancin "ƙwarai" da "ya wuce kima", don wannan na biyun da wata siga ake yin sa, a sa ke a gaba, en a baya. Ni dogo ne, kafaɗuna da faɗi, kusan duk rigar batik da na gwada a babbar kasuwar Malang sai mai shago ta girgiza kai ta ce keciliken, ta yi kaɗan. Cuilik yabo ne ko mamaki, keciliken kuwa hukunci ne, cire ka ajiye.

Mbah ce ta buɗe mini ɓangaren da na fi so. Ba ta jin Bahasa sosai, ni kuma Jawancina na 'yan koyo ne, amma da yamma nakan zauna kusa da ita tana tsinke ganyen miya. Wata rana aka ɗauke wuta da daddare ta ce peteng ndhedhet. Peteng duhu ne, na sani. Ndhedhet fa? Jikarta ta ce ba ta da wata ma'ana, da duhu kaɗai take tafiya. Nan take na gane, don abin gidanmu ne. Amsa-kama ce. Na ce musu mu ma muna cewa baƙi ƙirin, fari fat, ja wur, kore shar, kuma ba mai cewa fari ƙirin sai mahaukaci. Tsohuwar nan ta yi murna har da tafi, ta shiga jero nata: abang branang, ja wur, putih memplak, fari fat, ijo royo-royo, kore shar, irin na gonar shinkafa, padhang jingglang, haske tar, sepi nyenyet, shiru tsit, teles kebes, jiƙe sharkaf, anyar gres, sabo fil. Ta faɗi nata in faɗi nawa, ta gwada "sharkaf" ta kasa, yara su yi ta dariya. Ba dangantakar jini tsakanin harsunan biyu, amma ɗalibin da ke cikinmu daga Turai ya sha wahalar gane abin da ni kunnena ya taso da shi.

Kalma guda ce a jerin nata ta yi jinkirin faɗa, ireng thuntheng, baƙi ƙirin. Ta san dalili, ni ma na sani. A watannina na farko, in na bi ta lungun unguwa, yara kan biyo ni suna "Wong ireng! Uireng!" Lokacin da ban san ƙa'idar ba abin bai dame ni sosai ba. Da na san aikin da wannan u ɗin ke yi sai ya fi yi mini ciwo, don na gane ba baƙi kawai suke cewa ba. Wasu manya ma kan faɗa a bayan idona a motar haya, suna zaton ba na ji. Ba zan ce duka ƙiyayya ce ba, da yawa mamaki ne na wanda bai taɓa ganin mutumin Afirka ido da ido ba, amma a ƙasar da kantuna ke cike da man ƙara hasken fata, ba na yaudarar kaina cewa yabo ne. Bu ta taɓa jin yaran maƙwabta suna yi, ta fito da tsintsiya a hannu ta yi musu tatas da irin Jawancin da ba a koya wa baƙi. Daga baya ta ce mini kada in damu, ni ireng manis ne, baƙi mai daɗin gani. Na karɓa a yadda ta nufa.

A daminar shekarata ta biyu zazzaɓin dengi ya kama ni, wanda suke kira demam berdarah, sauron rana ke kawo shi. Na kwana biyu a ɗaki ina cewa maleriya ce irin ta gida, za ta wuce. Bu ta ga takalmana ba su motsa daga ƙofa ba, ta ƙwanƙwasa ta shigo, ta ɗora bayan hannunta a goshina. Abin da ya fito daga bakinta ba Bahasa ba ne. "Ya Allah, Le, awakmu puanas!" Ta leƙa waje ta ƙwala wa ɗan Sidoarjo kira ya nemo mota, "Loro nemen arek iki," yaron nan ciwonsa ya tsananta. Le gajeren tole ne, abin da uwa ke kiran ɗanta namiji da shi. Ko cikin zafin zazzaɓin na ji sauyin. An kwantar da ni a asibiti ana auna jinina safe da yamma, maƙwabta suna ta kawo ruwan gwaiba, wanda mutanen can suka yi imanin yana taimaka wa mai dengi. Da na fito na rame, kullum sai ta ɗora mini kwano ta ce "Mangan sing uakeh, Le," ci da yawa. Ba ta sake ce mini Mas ba, ba ta kuma sake yi mini sangat ba.

A nan na fahimci abin da ba a faɗa mana a aji ba. Wannan lanƙwasa kalma ta ngoko ce. Ba a yi wa baƙo ita, ba a yi wa babba ita a zaman girmamawa. Wanda ya ce maka puanas ya sauke shamaki tsakaninku. Na taɓa jin wata tsohuwa a ƙauye ta ce kuathah, ta cusa u ɗin a cikin kathah, wato "da yawa" a krama, ɗan Solo ya riƙe baki. Amma a yawancin lokaci krama maganar kamun kai ce, iyakarta sanget, kuma ita ma da sanyin murya ake faɗinta.

Sai ga tsohuwar abokiyar gabata ta biyo ni. A watan Maris na 2019 aka tabbatar da ɓullar tsutsar masarar nan a Sumatra ta Yamma, kafin shekarar ta ƙare ta iso Jawa. Jawa ta Gabas kuwa ita ce lardin da ya fi kowane noman masara a ƙasar. A takarda ulat grayak ake ce mata, manoma kuma uler kawai suke cewa, tsutsa. Malamin da ke duba aikina ya ce tunda na riga su saninta, a kanta zan yi bincike: yadda manoma ke ganin ɓarnar, da abin da suke yi a kai. Aka tsara takardar tambayoyi da Bahasa, aka haɗa ni da ɗalibai biyu su taya ni. Tambaya mafi muhimmanci tana da akwati biyar: babu ɓarna, kaɗan, matsakaiciya, da yawa, da yawa ƙwarai.

Zaman farko a zauren ofishin ƙauye aka yi shi. Manoma suka zo da rigunan batik da baƙaƙen huluna, dagaci na zaune, an jera shayi. Baƙo daga jami'a, kuma daga wata ƙasa, ai sai krama. A tambayi mutum yaya tsutsa a gonarsa, ya sunkuyar da kai ya ce "Nggih kathah, Pak," e, akwai da yawa. Wani ya ce "Nggih lumayan," ba laifi, da dama-dama. Ɗaliban suna ta sa alama a akwati na uku da na huɗu. In da a kan takardun nan za a tsaya, sai a ce ɓarnar ƙauyen matsakaiciya ce.

Da yamma na bi wasu daga cikinsu gona. Aka zauna a 'yar bukkar gefen gona, aka fito da kofi da tabar nan tasu mai kanumfari, an cire rigunan batik. Na ce da ɗaya, da Jawancin tsakar gidan Bu, "Yo'opo jagunge, Pak?" yaya masara? Suka yi dariyar jin wannan a bakina, sannan mutumin da ya ce lumayan da safe ya buga cinya ya ce, "Ulere uakeh pol! Jagungku entek!" Tsutsa ta yi yawa har ba iyaka, masarata ta ƙare. Muka shiga gonar, na buɗe zuciyar shuka ɗaya bayan ɗaya. Maganar yamma ce gaskiya. Kuma ba ƙarya ya yi da safe ba. Harshen da ladabi ya ɗora masa a zauren ne ba shi da wurin kuka.

Daga ranar na sauya tsarin aikin. Da izininsu nake naɗar muryarsu a waya, a gona, ba a ofis ba, sannan mu ƙirga shukokin da tsutsa ta taɓa a layuka. Ɗaliban da ke taya ni, duk da Jawawa ne, hannunsu ya saba mayar da komai Bahasa, akeh da akeh tenan da uakeh duk sai su rubuta banyak, wato "da yawa". Na roƙe su su riƙa rubuta abin da mutum ya faɗa yadda ya faɗe shi, har da yawan wasalin. Da muka jera maganganun kusa da ƙidayar gonaki, sai ga shi bakin manoma na da matakai fiye da akwatunanmu. Mai cewa akeh a kwance, galibi ganye ne ya huhhuje, shukar za ta farfaɗo in an yi taki aka samu ruwa. Mai cewa uakeh, tsutsar ta shiga zuciya. In aka kai ga pol da entek, to maganar sake shuka ake yi.

Sai dai ba ma'auni ba ne da za ka ɗauka ido rufe. Akwai mutumin da komai nasa a ja yake, kofinsa puanas, jikarsa uayu, wato kyakkyawa ƙwarai, hanyar gidansa uadoh, shi uakeh ɗinsa ba ta wuce akeh ta wani ba. Akwai kuma wanda in ya ji ƙishin-ƙishin za a raba maganin feshi sai wasalinsa ya ƙara tsawo. Sai ka san mutum kafin ka san nauyin kalmarsa. Wani dattijo a wajen Lamongan, tun da na san shi ban taɓa jin ya ja kalma ba. Ranar da ya tsaya a bakin gonarsa ya ce a hankali, "Nemen iki," wannan ta tsananta, ban ma tsaya ƙirga ba, don ba abin ƙirgawa. Malamina bai yarda a sa wasula a cikin lissafin kundin ba, ya ce masu jarrabawa lambobi suke so, kuma yana da gaskiyarsa. Muka daidaita a kan in sa maganganun manoman a wani babi na daban. Korona ta shigo ƙasar a watan Maris na 2020 ta tsayar da zuwa ƙauyuka, na kammala rubutu a ɗaki, na kare kundin ta intanet, daga baya na samu jirgi na dawo gida.

Na koma aikina na malamin gona, kuma takardun da ake aiko mana daga sama su ma akwati biyar gare su, da Turanci. A da ina cike su a ƙofar gidan mai unguwa, jama'a na zaune, in gama in hau babur. Yanzu kunnena ya ƙi. Bahaushe ba shi da krama, amma yana da "da sauƙi". Mutumin da ke kwance rai a hannun Allah ma in ka tambaye shi jiki, da sauƙi zai ce. Manomi a gaban mai unguwa da baƙo ba zai buɗe baki ya ce ya talauce ba, sai ya ce Alhamdu lillahi, ta ɗan taɓa. Sai kun kama hanyar gona ku biyu za ka ji sauran: ta taɓa, ta ci, ta ci sosai, ta cinye tas, ta yi ƙarƙaf. Kowace da abin da take nufi a buhu.

A daminar da ta wuce wani dattijo abokin mahaifina ya amsa mini a gaban jama'a da cewa, "Da sauƙi, Malam, mun gode Allah." Ban rubuta komai ba, na ce, "Baba, mu je in ga gonar." Sai da muka wuce rafi, ba kowa kusa, ya tsaya ya gyara fartanya a kafaɗa ya ce, "Ɗan nan, ba zan ɓoye maka ba, ta gabas ɗin ƙurmus. Ko irin da na zuba ba zan mayar ba." Na rubuta ƙurmus a gefen takardar, na sa alama a akwati na biyar, na tambaye shi ko ya yi feshi da yamma ne ko da rana tsaka, sannan muka nufi gonar ƙanensa.